Manhajar Da Ke Gwada Haihuwa Kafin Naƙuda: Me Take Gani, Me Ba Ta Gani?

Lokaci zuwa lokaci labarin yakan dawo yawo a Facebook da WhatsApp, yawanci da ɗan gajeren bidiyo: ga ƙashin ƙugun mace an zana a kwamfuta, ga kan jariri yana sunkuyawa yana juyawa har ya fito. A ƙarƙashi sai a rubuta cewa yanzu likita zai iya duba na'ura ya gaya wa mai ciki, tun kafin watanta ya kama, ko za ta haihu da kanta ko sai an yi mata aiki. A gari irin Kaduna, inda jin an ce "a zo a sa hannu za a shiga da ita tiyata" ke tayar da hankalin dangi gaba ɗaya, dole irin wannan labari ya samu masu sauraro. Wasu na tambayar inda ake yi da nawa ake biya. Wasu na cewa shiga sanin gaibu ne. Wasu kuma na zargin wata sabuwar dabara ce ta yanka mata a karɓe kuɗin mazajensu.

Manhajar dai akwai ta, ba ƙage ba ne. Sai dai tambaya ɗaya tak take ƙoƙarin amsawa cikin tarin tambayoyin da haihuwa ke zuwa da su. Kuma ba duba take yi ba, ƙiyasi ne irin wanda likita ko ungozoma ke yi idan sun shafa ciki, illa wannan da hoto da alƙaluma ake yin sa.

Abu uku da ake kira da suna ɗaya

Ruɗanin ya fara ne daga haɗa abubuwa daban-daban a kira su duka "manhajar haihuwa".

Na farko shi ne wanda bidiyon ke nunawa. Ana ɗaukar hoton MRI na mace guda, wato hoton cikin jiki da wata babbar na'ura mai maganaɗisu ke ɗauka, kwamfuta ta gina siffar ƙashin ƙugunta da ta kan jaririnta, sannan ta gwada wucewar kan ta cikin ƙugun sau da yawa, ta ba da maki. Na biyu ba ya buƙatar hoto ko kaɗan: ana shigar masa da shekarun mace, tsawonta, awon jininta, yawan haihuwarta da sakamakon gwaje-gwaje, ya fitar da yiwuwar samun matsala. Misalinsa fullPIERS, wanda aka wallafa a 2011 don mata masu hawan jinin ciki, da ƙaninsa miniPIERS na 2014 da aka sauƙaƙa saboda wuraren da ba su da ɗakin gwaji mai ƙarfi. Na uku na koyarwa ne, wato mutum-mutumin mai naƙuda da ɗalibai ke koyon karɓar haihuwa a kansa, wani na roba zalla kamar MamaNatalie, wani haɗe da kwamfuta. Wannan na ukun tsohon abu ne, tun a ƙarni na 18 wata ungozoma a Faransa, Madam du Coudray, ke yawo gari-gari da irinsa na ƙyalle da fata tana horar da matan karkara. Kuma shi ne ya fi sauran shaidar amfani: a asibitin Southmead da ke Bristol a Ingila, bayan an riƙa horar da ma'aikata a kan yadda ake fitar da jaririn da kafaɗarsa ta maƙale, raunin jijiyar hannu a jarirai ya ragu sosai.

Na farkon ne ake ta muhawara a kai, don haka shi za a fi tsayawa a kansa.

Yadda kwamfuta ke kwaikwayon haihuwa

Hanyar da jariri ke bi ba miƙaƙƙiya ba ce. Mashigar ƙashin ƙugu ta sama ta fi faɗi daga gefe zuwa gefe, mafitar ta ƙasa kuma ta fi faɗi daga gaba zuwa baya. Saboda haka kan jariri kan shiga a karkace, ya sunkuyar da haɓa zuwa ƙirji, ya juya a tsakiyar hanya, sannan ya ɗago ya fito. Duk wanda ya taɓa shigar da gadon amarya ta ƙaramar ƙofa ya san ba girman gadon kaɗai ake dubawa ba, har da yadda aka karkata shi. Idan kan ya fi ƙarfin hanyar, ko ya shigo ta fuskar da ba ta dace ba, sai naƙuda ta tsaya cik duk da mahaifa na ta matsawa. Ita ce doguwar naƙudar da ke haddasa fashewar mahaifa, mutuwar jariri a ciki, da yoyon fitsari, domin kan da ya daɗe yana danne mafitsara a jikin ƙashi yakan kashe naman wurin ya bar huda.

Wadda ta fi yin suna cikin irin waɗannan manhajoji ita ce Predibirth, wadda wani likita Bafaranshe, Olivier Ami, ya gabatar a taron ƙungiyar likitocin hoto ta Arewacin Amurka a Chicago cikin Nuwamban 2011. Ya yi amfani da hoton MRI na mata 24 masu ciki. Ga kowace mace manhajar ta gwada hanyoyi 72 da kan jariri zai iya bi, ta ba da maki. Da aka kwatanta da abin da ya faru daga baya, mata 13 da suka haihu lafiya da kansu duk sun samu maki mai kyau, waɗanda naƙudarsu ta toshe aka yi musu aikin gaggawa kuma manhajar ta sa su cikin masu haɗari. Sakamako ne mai ban sha'awa, amma mata 24 ba su kai haihuwar kwana biyu ko uku a babban asibitin gwamnati a Arewa ba. A Ingila ma akwai masu irin wannan bincike a Jami'ar East Anglia.

A 2019 Ami da abokan aikinsa sun wallafa wani binciken da ya nuna girman wahalar aikin. Sun ɗauki hoton mata bakwai kafin naƙuda, suka sake ɗauka lokacin da jariri ya sauko. A dukkan bakwai ɗin ƙasusuwan kan jaririn sun hau kan juna, har siffar ƙwaƙwalwar ta sauya, kuma biyar daga ciki kansu ya koma yadda yake bayan haihuwa. Ungozomomin gargajiya sun daɗe da sanin jariri kan fito da dogon kai ya daidaita daga baya. Abin da wannan ke nufi ga manhaja shi ne, kan da aka auna a wata na tara ba shi ne daidai kan da zai ratsa ƙugu ranar haihuwa ba, dole sai an yi ƙiyasin yadda zai lanƙwasa.

Abin da hoto ba ya nunawa

Likitocin mata kan ce abu uku ke yanke hukuncin naƙuda: hanya, mai wucewa, da ƙarfin turawa. Hoto na nuna biyu, su ma a yanayin da mace take kwance shiru cikin na'ura. Ba ya nuna ƙarfin da mahaifa za ta yi ranar. Ba ya nuna yadda gaɓoɓin ƙugu za su saki, alhali suna saki a ƙarshen ciki, kuma mafitar na ƙara buɗewa idan mace ta tsuguna ko ta durƙusa. Ba ya kuma tabbatar da ta wace fuska jaririn zai shigo, tunda yana iya juyawa bayan an gama ɗaukar hoton.

Wannan ba shi ne karon farko da aka yi ƙoƙarin auna ƙugu a yi hasashe ba. Shekaru da dama an yi ta yin haka da hoton ƙashi. Da ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwaje biyar da suka shafi mata 1,159, abin da ta gani a 2017 shi ne waɗanda aka auna musu ƙugu sun fi shan tiyata, ba tare da an ga wata ƙarin lafiya ga jariransu ba. A shawarwarinta na 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce kada a mayar da awon ƙugu al'ada ga mace mai lafiya da ta zo haihuwa. Masu sabuwar manhaja na da amsa a nan: tsohon awon ƙashin uwa kaɗai yake kallo, nasu kuwa yana haɗa uwa da ɗa da motsin da ke tsakaninsu, kuma MRI ba ya amfani da irin hasken hoton ƙashi da ake gudun wa ɗan tayi. Hujja ce mai ma'ana, amma hujja daban, gwaji daban.

Akwai darasi daga wani wurin. A Birtaniya da Ireland an gwada wata manhaja da ke karanta bugun zuciyar jariri lokacin naƙuda ta faɗakar da ma'aikata. Gwajin, mai suna INFANT, ya ƙunshi mata sama da 46,000, kuma da sakamakon ya fito a 2017 ba a ga bambanci a lafiyar jarirai tsakanin matan da aka yi wa amfani da manhajar da waɗanda ba a yi musu ba. Manhajar na gano abin da aka ce ta gano. Matsalar ita ce ganowa kaɗai ba ta sauya abin da ya biyo baya ba.

Sannan toshewar naƙuda ɗaya ce kawai daga cikin masu kashe mata. Zubar jini bayan haihuwa, jijjiga da hawan jini, da shigar ƙwayoyin cuta duk babu ruwansu da faɗin ƙugu. Mace na iya cin maki mafi kyau a kwamfuta, ta haihu cikin sauƙi, jini ya ɓalle mata bayan fitar mabiya.

Abin da Zariya ta riga ta nuna

Tambayar wace mace ce ke cikin haɗari ba baƙuwa ba ce a jihar Kaduna. Ɗaya daga cikin manyan binciken da aka taɓa yi kan haihuwa a Afirka a Zariya aka yi shi. Farfesa Kelsey Harrison na Jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a jere tsakanin 1976 da 1979, aka wallafa a 1985. Ba kwamfuta mai zane suka yi amfani da ita ba, rajista ce da ma'aunin tsawo. Sun gano haɗari ya taru a kan 'yan mata masu ƙarancin shekaru a cikin fari, gajerun mata, da masu haihuwa da yawa. Mafi girman bambanci kuwa yana tsakanin waɗanda suka yi awon ciki da waɗanda aka kawo a galabaice ba su taɓa zuwa awo ba: mutuwa a cikin na biyun ta ninka ta na farkon sau da yawa.

Wani abin da suka gani ya shafi manhajar kai tsaye. 'Yan matan da suka ɗauki ciki jikinsu bai gama girma ba, da aka ba su maganin zazzaɓin cizon sauro da na ƙarin jini, da yawansu sun ƙara tsawo a cikin watannin cikin. Wato ƙugun da ake son aunawa abinci, cuta da shekarun aure ne ke gina shi. Manhajar da aka saita da jikin matan Faransa masu shekara talatin ba lallai ta fahimci jikin yarinya 'yar shekara goma sha biyar daga ƙauyen Giwa ko Ikara ba.

Wannan damuwa ba zato ba ce. A Amurka an yi shekaru ana amfani da wani lissafi na 2007 don hasashen ko macen da aka taɓa yi wa tiyata za ta iya haihuwa da kanta. Lissafin na rage wa mace maki don kawai baƙar fata ce, sai a 2021 aka cire wannan sashe. A ɗaya ɓangaren, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara bayanan naƙudar mata kusan 10,000 a asibitoci 13 na Najeriya da Uganda a shirinta na BOLD, an ga mata da yawa bakin mahaifarsu bai buɗe da saurin santimita ɗaya a awa ba, saurin da aka daɗe ana ɗauka dole ne, kuma sun haihu lafiya. Irin wannan shaida na cikin abin da ya sa hukumar ta fito da sabuwar takardar bibiyar naƙuda a 2020 a madadin tsohuwar da ta samo asali daga aikin wani likita mai suna Philpott a Rodeshiya, wato Zimbabwe ta yau, a 1972. Ma'aunin da aka yi shekaru ana hukunta naƙudar matanmu da shi, da aka gwada a kansu, sai da aka gyara shi.

Inda ɓangarorin suka bambanta

Masu goyon baya na cewa tiyatar da aka shirya ta fi ta gaggawa aminci nesa ba kusa ba, kuma wannan gaskiya ne. Aikin da aka yi da rana, an tanadi jini, mai ba da maganin barci na nan, ba ɗaya yake da wanda aka yi ƙarfe biyun dare a kan macen da ta kwana biyu tana naƙuda ba. Suna ƙarawa da cewa manhajar na iya kare mace daga tiyatar da ba ta buƙata, idan likita na shakka kuma hoto ya nuna hanya a buɗe take. Hujjarsu ta fi ƙarfi a wurin da asibiti ke da nisa. Ga macen da ke Birnin Gwari ko cikin Kauru, sanin cewa tana cikin masu haɗari na nufin ta tare gidan 'yan'uwa a kusa da babban asibiti tun kafin ciwo ya tashi, maimakon neman mota da tsakar dare a hanyar da ba kowa ke yarda ya bi ba.

Masu taka-tsantsan ba su musanta wannan ba. Tambayarsu ita ce sau nawa manhajar ke kuskure, kuma wa ke ɗaukar nauyin kuskuren. Idan ta ce akwai haɗari alhali babu, an yanka mace a banza. A ƙasar da mace ke haihuwa ɗaya ko biyu wannan da sauƙi. A Arewa maso Yamma, inda binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna matsakaicin haihuwar mace ya haura shida, tabon tiyatar farko na bin ta cikin kowane ciki na gaba, da haɗarin fashewar mahaifa idan ta yi naƙuda a gida, da kuma haɗarin mabiya ta manne a tabon. Idan kuma ta ce babu haɗari alhali akwai, takardar sakamakon na iya zama hujjar miji ko uwar miji ta cewa ai kwamfuta ta ce lafiya, a zauna a gida.

Dukkan ɓangarorin sun yarda da abin da zai raba gardama: a raba mata dubbai gida biyu, a yi wa rabi hasashe da manhajar, a bar rabi a kan kulawar da aka saba, a ƙirga iyaye da jariran da suka tsira. Irin gwajin da aka yi wa INFANT ke nan. Kafin a yi haka a kan matan da suka yi kama da namu, manhajar kayan bincike ce, ba abin da za a gina shawarar gida a kai ba.

Me hakan ke nufi ga mai ciki a Kaduna

Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya na 2023 sun ce mata kusan 75,000 ne suka rasu a Najeriya a dalilin ciki da haihuwa a wannan shekarar, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Binciken 2018 ya nuna kusan kashi 16 cikin 100 ne kawai na haihuwa a Arewa maso Yamma ke faruwa a asibiti, tiyatar haihuwa kuma kusan kashi 3 cikin 100 a faɗin ƙasar. A Faransa matsalar da manhajar ta zo warwarewa ita ce zaɓar wadda za a yi wa aiki cikin matan da duk suna asibiti. A nan, mata da yawa da ke buƙatar aikin ba sa isa teburin tiyata, ko su isa a makare.

Masana lafiyar jama'a sun daɗe suna magana kan jinkiri uku: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkirin hanya, da jinkiri bayan an isa. Hasashe, komai kyansa, na farkon ya fi taɓawa. Ba ya kawo mota, ba ya kawo jini, ba ya kunna janareta. Na'urar MRI kuma ba ta cibiyar lafiya ta mazaɓa ba ce. A jihar mai mazaɓu 255, sai a manyan asibitoci da wasu cibiyoyin hoto masu zaman kansu a Kaduna da Zariya ake samun ta, kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin gidaje, kuma masu ciwon ƙwaƙwalwa da laka na layi a kanta. Sikanin da aka saba yi a wurin awo ba zai maye gurbinta ba, ƙiyasin nauyin jariri da yake bayarwa ma kan kauce da kashi 10 cikin 100 ko fiye a ƙarshen ciki.

Kwatanta wannan da gwajin E-MOTIVE da aka wallafa a 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu a kan mata sama da 200,000, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororinsa. Kayan aikin leda ce mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mai jego don a ga ainihin jinin da ta zubar, sai a ba ta magunguna a haɗe nan take maimakon ɗaya bayan ɗaya. Mummunan sakamakon zubar jini ya ragu da kashi 60 cikin 100. Ga gwamnatin da ke da kuɗi ƙayyadadde, wannan ne ma'aunin da kowace sabuwar fasaha za ta fuskanta: rai nawa kowace naira za ta ceta. Ta wannan ma'auni, manhajar waya mai lissafin haɗari daga awon jini da fitsari, wadda ma'aikaciyar lafiya a Soba ko Kachia za ta iya amfani da ita, ta fi kusa da buƙatar jihar fiye da mai zanen ƙugu.

Su kuma alamomin da suka sa a ce mace ta haihu a babban asibiti irin Barau Dikko, Yusuf Dantsoho, Gwamna Awan, Gambo Sawaba ko Shika ba su jira kwamfuta ba: cikin fari a ƙananan shekaru, tiyata a baya, haihuwa biyar ko fiye, tagwaye, jariri a gicciye ko a zaune, hawan jini, zubar jini da ciki, ko taɓa yin doguwar naƙuda. A wurin awo ake gano su, shi ya sa tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga yawan zuwa awo daga huɗu zuwa takwas. Batun kuɗin aiki ma ya fara sauyawa a takarda, domin a Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka amince wa. Ya kamata iyali su tambayi ko asibitinsu na cikin shirin tun a lokacin awo, ba ranar naƙuda ba.

Idan aka fara tallata ta

Ba abin mamaki ba ne wata rana wani asibitin kuɗi ya rataya allo yana tallan hasashen haihuwa da kwamfuta. Mai ciki da mijinta na da haƙƙin tambayar a kan mata nawa aka gwada manhajar, a wace ƙasa, sau nawa take kuskure, kuma ko NAFDAC, wadda rajistar kayan aikin asibiti ke hannunta, ta san da ita. Akwai kuma abin lura idan wurin da ke sayar da hasashen shi ne zai karɓi kuɗin tiyatar da hasashen ya ba da shawara. Neman ra'ayin likita na biyu a nan ba rashin yarda ba ne.

Hoton ƙugun mace sirrinta ne, kuma irin waɗannan manhajoji kan tura hoto ta intanet zuwa wata kwamfuta, wani lokaci a wata ƙasa, kafin sakamako ya dawo. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kariya ta musamman, ta kuma gindaya sharuɗɗa kan fitar da su waje. Don haka ya kamata a gaya wa matar da kanta, da Hausar da za ta gane, inda hoton zai je da wanda zai gan shi, ba a miƙa wa mijinta takardar Turanci ya sa hannu a tsaye ba. Idan kuma hasashen ya kauce aka samu matsala, likitan da ya yanke shawara ne zai amsa tambaya a gaban hukumar da ke kula da aikin likitoci ta ƙasa, ko da manhajar ce ta ba shi makin.